Wa Ya Rubuta Sanarwar Nan? Bayani Kan Hatimin Kwamfuta

Iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa matasan Zango na Greensboro da kewaye.

Da yawanku kun san abin da ya faru watan jiya, amma bari mu maimaita saboda waɗanda ba su ji ba. Wata 'yar uwarmu ta yi rashin mahaifiya a Kumasi. Kwamiti ya fitar da sanarwa yadda aka saba: sunan mamaciya, ranar addu'a, da lambar da za a tura gudummawa. Kafin la'asar sanarwar ta zaga zaurukanmu na WhatsApp. Washegari sai ga ta a wani zaure, komai nata daidai, har da kuskuren rubutun da sakatarenmu ya yi a layi na biyu. Abu ɗaya kawai ya canza, lambar kuɗin. Mutane suka tura, wasu ma kuɗin aikin dare ne da suka tsaya a ƙafa har asuba kafin su samu. Kuɗin nan ba su dawo ba.

Abin da ya fi kuɗin ciwo ya zo ne bayan mako biyu. An fitar da sanarwar wani ɗan uwa da ke kwance a asibiti, gaskiya ce tsantsa, amma mutane suka noƙe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A zaman da aka yi bayan sallar Juma'a wani dattijo ya juyo wajenmu ya ce, "Ku yaran nan da waya ba ta barin hannunku, babu wata dabara ne?" Mun karɓi tambayar. Muka zauna da 'yan uwanmu masu karatun kwamfuta a jami'ar A&T da kwalejin GTCC, suka yi mana bayani har muka gane. Dabarar tana nan, ta ma girmi yawancinmu.

Iyayenmu sun san hatimi. A da, wasiƙar sarki ba ta fita sai an buga mata hatiminsa, shi kuma wanda aka aika wa ya san kamannin hatimin, in ya gani ya tabbata daga fada ta fito. Malamai kuma sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an ƙera masa zoben azurfa don hatimce wasiƙun da ya aika wa sarakuna. To, a waya hatimi irin na hoto ba ya tsare komai. Tambarin ƙungiyarmu da muke mannawa a saman sanarwa, yaro ɗan shekara goma zai yanke shi ya liƙa a kan duk abin da ya ga dama. Abin da ake bukata shi ne hatimin da ba ya cirewa daga wasiƙa ɗaya ya koma wata. Shi ne wanda muke kira hatimin kwamfuta, wasu kuma su ce sa hannun lissafi.

Ga yadda yake. Kwamfuta tana ƙirƙiro makullai biyu a tare, kowannensu doguwar lamba ce. Ɗaya na sirri, shi ne kamar zoben da ke yatsan sarki, ba ya barin hannun mai shi. Ɗayan na jama'a, shi ne kamar samfurin hatimin da kowane hakimi ke ajiye da shi don ya riƙa gwadawa. Na jama'a daga na sirri ake fitar da shi, kuma fitarwar ba wuya. Amma a ce daga na jama'a za a koma a gano na sirri, wannan kamar a ce a mayar da gari ya koma tsabar hatsi ne. Daka ba wuya, mayarwa ce ta gagara. Shi ya sa ba ka jin tsoron raba makullin jama'a ga kowa, har da ɓarawo.

Idan sakatare ya gama rubuta sanarwa, kwamfuta tana matse rubutun gaba ɗaya ya zama gajeriyar lamba, tamkar zanen yatsan wannan rubutun. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin matsewar, wadda ake kira SHA-256, kullum haruffa da lambobi 64 take fitarwa, ko layi ɗaya ka ba ta ko littafi guda. In ka canza harafi ɗaya tak, abin da za ta fitar ya sha bamban baki ɗaya. Daga nan sai a haɗa zanen yatsan da makullin sirri a yi wani lissafi, abin da ya fito shi ne hatimin. Mai karatu kuma ya ɗauki abu uku, wato sanarwar, hatimin da makullin jama'a, ya ba wa manhaja. Amsarta biyu ce kawai: ya dace, ko bai dace ba.

Yanzu a dawo kan ɓarawonmu. Da sanarwar Kumasi tana da irin wannan hatimi, yana taɓa lambar kuɗin nan zanen yatsan ya canza, tsohon hatimin ba zai ƙara dacewa ba. Sabon hatimi kuma ba zai iya bugawa ba, tunda zoben ba ya hannunsa.

Wani zai ce, ai WhatsApp da kansa yana rubuta cewa saƙonninmu a kulle suke. Haka ne, tun 2016 suke kulle saƙo daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa. Sai dai wannan tsaron hanya ne, yana hana wani ya leƙa saƙon yana tafe. Ba ya gaya maka wanda ya fara rubuta abin da ƙanwarka ta turo maka daga wani zaure. Ambulan a rufe ya iso, amma wasiƙar da ke ciki ba ta da hatimi.

Tunanin makullai biyu ya fito fili ne a 1976, daga Whitfield Diffie da Martin Hellman a jami'ar Stanford. A 1977 wasu mutum uku a MIT, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da lissafin da ya sa abin ya yiwu, wanda ake kira RSA da harufan farko na sunayensu. A 1991 Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP kyauta don talaka ma ya samu, gwamnatin Amurka ta yi shekara uku tana bincikensa kafin ta janye a 1996. Bayansa wani Bajamushe, Werner Koch, ya rubuta GnuPG, wadda har yau ake amfani da ita. Ba sai an je nesa ba ma: kamfanin Red Hat da ke Raleigh, nan jiharmu, da irin wannan hatimi yake rufe manhajojin da yake rarrabawa, don kwamfutar da ta karɓa ta tabbatar ba a sauya su a hanya ba. Wayar da ke hannunka yanzu ma haka take yi a ɓoye duk lokacin da ka saukar da sabuwar manhaja.

Masu rubuta manhaja ba sa zama su ƙirƙiri wannan lissafin daga farko. Akwai abin da suke kira laburare, ba na littattafai ba, tarin aikin da ƙwararru suka riga suka rubuta, aka gwada, aka ajiye don kowa ya ɗauka ya saka a tasa manhajar. Tela ba ya ƙera zif, saye yake yi ya ɗinka a riga. Laburaren hatimi ayyuka uku yake yi maka: ya ƙirƙiri makullai, ya buga hatimi, ya duba hatimi. Wanda 'yan uwanmu suka ba mu shawara a kai sunansa libsodium, wanda Frank Denis ya fara fitarwa a 2013, kuma kyauta ne, kowa yana iya buɗe cikinsa ya karanta. Yana amfani da wani tsarin hatimi mai suna Ed25519, wanda Daniel Bernstein da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, hukumar ma'aunai ta Amurka kuma ta shigar da shi cikin ƙa'idarta a 2023. Shi Denis ɗin ya gina wata 'yar ƙaramar manhaja a kan laburaren, Minisign, wadda ba ta da wani aiki sai buga hatimi a kan fayil da duba shi. Makullin jama'a nata haruffa 56 ne kacal, layi ɗaya a takarda.

A nan ne muka ɗan yi gardama a tsakaninmu. Wani ƙaninmu mai zafin kai ya ce shi zai rubuta mana namu da hannunsa, a sa masa sunan Zango. Muka hana shi, ba don raini ba. Kamfanin Sony da duk injiniyoyinsa ya yi kuskure a nan. Tsarin hatimin da suka sa a PlayStation 3 yana bukatar sabuwar lambar ƙuri'a duk lokacin da za a buga hatimi, su kuwa suka riƙa maimaita lamba ɗaya. A watan Disamba na 2010 wasu masana suka tsaya a wani taro a Balin suka nuna yadda wannan maimaicin kaɗai ya isa a lissafo makullin sirrin kamfanin. Ed25519 ya toshe wannan ramin, domin shi da kansa yake fitar da lambar daga saƙon da makullin sirri, ba ya barin ta a hannun mai rubuta manhaja. Su ma laburaren ba ma'asumai ba ne. A 2022 an bayyana cewa wasu fitowar Java, daga ta 15 zuwa ta 18, suna karɓar hatimin da babu komai a cikinsa sai sifiri, su ce ya dace. An gyara a watan Afrilu na shekarar. Bambancin shi ne laburare sananne idanu dubbai ne a kansa, in ya yi ɓaraka za a gani a ɗinke. Na ƙaninmu kuwa, wa zai duba?

Yanzu ga inda muke so iyayenmu su saurara da kyau, don kada mu sayar muku da abin da ba shi ba. Hatimi ba ya cewa magana gaskiya ce. Abin da yake cewa kawai: mai riƙe da wannan makulli ne ya hatimce, kuma ba a taɓa ko harafi ba tun daga lokacin. In mai makullin ya yi ƙarya, ƙarya ce mai hatimi. In ya yi sakaci aka sace makullin, ɓarawo ya zama sakatare har ranar da muka farga muka sanar da kowa cewa tsohon makulli ya mutu.

Sannan akwai babbar tambaya: ta yaya ka san makullin jama'a da ke hannunka namu ne? Ɓarawo ma zai iya ƙirƙirar nasa makullai biyu cikin daƙiƙa, ya turo maka na jama'a ya ce na kwamiti ne, daga nan duk abin da ya hatimce zai dace. Lissafi ba shi da maganin wannan. Wani malaminmu da muka yi wa bayani ya yi murmushi ya ce ai wannan maganar isnadi ce, ba a karɓar ruwaya sai an san daga bakin wa ta fito, shi ma daga wa ya ji. Haka ne kuwa. Dole makullin ya zo maka ta hannun wanda ka sani ido da ido. Saboda haka ba za mu tura shi ta WhatsApp ba, kuma duk wanda ya turo maka wani abu ta waya ya ce makullin kwamiti ne, kada ka karɓa, ko da sunanmu ka gani.

Wata matsalar ƙarama ce amma za ta dame mu. Manhajar ba ta san uzuri ba. In wani ya kwafi sanarwa ya ƙara "Inna lillahi" a sama don ladabi, ko tazara ɗaya ta shiga tsakanin kalmomi, amsa za ta fito bai dace ba, alhali babu mugun nufi. Hoton sanarwa da aka ɗauka daga fuskar waya kuwa ba ya dubuwa sam. Don haka duk sanarwar da ta shafi kuɗi za mu riƙa ajiye asalin fayil ɗinta a wannan shafi tare da hatiminta. Abin da ke yawo a zaure ka ɗauke shi labari, lambar da za ka tura wa kuɗi kuma ka ɗauko ta daga fayil ɗin da aka duba.

Mun san Hajiya ba za ta buɗe kwamfuta ta duba hatimi ba, ba mu ma nemi haka ba. Kowane gida akwai ɗa ko jika. Za mu koya wa matasa, aikin bai kai minti biyu ba in hannu ya saba, su kuma su riƙa duba wa iyaye. 'Yan uwanmu na Nijar da na Togo da muke zama tare a garin nan, ƙofa a buɗe take, ku turo yaranku. Wanda kuma bai sami mai duba masa ba, ya yi abin da aka sani tun da: ya kira ɗan kwamiti a lambar da ya daɗe da saninta, ba wadda ke cikin sanarwar ba, ya ji muryarsa kafin ya tura ko dala ɗaya.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan sallah za mu tsaya a ƙofa da takardu, kowace tana ɗauke da haruffan nan 56, sakatare da ma'aji za su miƙa da hannunsu. Abu ɗaya ya rage wanda ba namu ba ne mu yanke: wa zai riƙe makullin sirri. Wasunmu sun ce sakatare, tunda shi ke rubutu. Wasu sun ce a yi makullai biyu, na sakatare da na ma'aji, kada a yarda da sanarwar kuɗi sai ta zo da hatimi biyu. Mu mun fi karkata ga na biyun, ko da zai jinkirta sanarwar rasuwa da awa ɗaya ko biyu. Mun miƙa maganar ga Sarkin Zango da dattawa, za a yanke ta a zaman ranar Lahadi bayan azahar.