Kuskuren da aka ɓoye shi ke sake kashe mutane

Yau za mu kwatanta aikin jirgin sama da aikin asibiti. Duka biyun rayukan mutane ne a hannunsu.

Ran 27 ga watan Maris 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Ispaniya, manyan jirage biyu suka yi karo a filin sauka. Hazo ya rufe ko'ina. Babban matuƙin jirgi guda ya fara gudun tashi ba a ba shi izini ba. Injiniyansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya fita daga hanya. Babban ya ce i, ƙaramin ya yi shiru. Mutum 583 suka mutu.

Masu jirage suka ɗauki darasi. Aka koya ma manya su saurari na ƙasa da su. Aka koya ma ƙanana su yi magana ba kunya. A Amurka kuma, tun 1976, matuƙin da ya yi kuskure yana iya rubuta shi a asirce, don saura su kiyaye.

Asibiti ya daɗe bai kama wannan hanya ba. Ma'aikaci yana tsoron kora, sai ya ɓoye. Gobe wani ya maimaita kuskuren a kan wani majinyaci. A 1999, wani rahoto ya ce kuskuren asibiti yana kashe mutum dubu 44 zuwa dubu 98 kowace shekara a Amurka.

A 2008, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fito da takardar bincike irin ta matuƙa. Kafin aikin fiɗa, a tabbatar da sunan majinyaci da wurin da za a yanka. Kowane ma'aikaci ya faɗi sunansa da aikinsa. Bayan an gama, a ƙirga kayan aiki. An gwada ta a asibitoci 8. Cikin mutum dubu da aka yi ma aiki, masu mutuwa suka ragu daga 15 zuwa 8.

To, mu ma da namu aiki. In kun je asibiti, ku tambayi sunan magani, ku karanta shi. In wata allura ta taɓa ba ku wahala, ku faɗa. Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne.

Tambayar da za ku tattauna da malaminku: mi ya sa injiniyan ya yi shiru?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.