Gyaran kuskure cikin takardar lanho

Dokar lanho ta 2012 ta tsaida 30 ga Afirilu ranar ƙarshe ta ajiye takardar ribar shekara, kuma cikin gaggawar ranar ce kuskure ke shiga. Ɗan kasuwa a Maraɗi zai iya rubuta jika 500 maimakon jika 5.000, sifiri guda ya faɗi, lissafi duka ya karkace.

Takardar da ta shiga hannun hukuma ba a kankare ta. Mai ita zai koma biron lanho da lambarsa ta NIF da littafin ciniki, ya ajiye takardar gyara, ya biya ciko, ya karɓi shaida mai tambari. In ya yi shiru har mai bincike ya gano, ciko da tara za su haɗu a kansa.