Yadda tsananin zafi ke lalata ƙodar ma'aikata

A kusa da garin Chichigalpa na ƙasar Nikaraguwa akwai wani ƙauye da ake wa laƙabi da Tsibirin Zawarawa, saboda yawan mazajen da suka mutu suka bar matansu. Akasarinsu masu yankan rake ne, kuma ciwon ƙoda ne ajalinsu, duk da cewa da yawansu ba su da ciwon suga ko hawan jini, cututtukan da aka saba ɗora wa alhakin lalacewar ƙoda.

Masu bincike sun fi zargin zafi. Idan mutum yana aikin ƙarfi cikin rana, jiki kan tura jini zuwa fata domin ya huce, gumi kuma ya kwashe ruwa da gishiri. Jinin da ke isa ga ƙoda sai ya ragu, ta samu rauni. Idan haka ta ci gaba kullum, raunin kan zama na dindindin. Tun da gwargwadon raken da lebura ya yanka ake biyansa, hutu asara ce a gare shi.

Sauyin yanayi na ƙara yawan irin waɗannan ranaku. A shekarar 2024, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikata fiye da biliyan 2.4 ke fuskantar zafin da ya wuce kima, kuma yana kashe kusan 19,000 a duk shekara. A watan Afrilun shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a birnin Kayes na Mali.

Matakan kariya sanannu ne: ruwan sha, inuwa da hutu a kan lokaci. A gonakin raken da aka tabbatar da su a Nikaraguwa, raunin ƙoda ya ragu. Qatar kuwa ta haramta aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na rana, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Sai dai irin wannan doka ba ta cika kai wa ga ɗan dako a kasuwar Dawanau ko leburan gini a Sakkwato ba, domin ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma abin da suka samu a ranar da shi za a ɗora tukunya. Matuƙar hutun tsakar rana zai rage musu kuɗin jinga, za su ci gaba da aiki cikin rana.