Zanzaron da Ya Ceci Rogon Afirka

A shekarar 1973, manoman da ke kewayen Kinshasa da Barazabil, biranen nan biyu masu kallon juna a gaɓar kogin Kwango, suka fara ganin abin da ba su saba gani ba a gonakinsu. Kan rogo sai ya dunƙule, sabon ganye ya nannaɗe, tsiro ya daina tashi. In aka buɗa ganyen, sai a tarar da wasu ƙananan ƙwari sun yi cincirindo, jikinsu fari fat kamar an barbaɗa musu gari. Rani na tsananta ganye ya kakkaɓe, in an zo tono a tarar saiwa ba ta yi abin kirki ba. A wasu gonakin asarar ta kai kashi 80 cikin ɗari.

Ba manoma kaɗai ba, masana ma ba su san ƙwaron ba. Sai a 1977 wata Bafaranshiya masaniyar ƙwari, Danièle Matile-Ferrero, ta yi bayaninsa a rubuce, ta raɗa masa suna Phenacoccus manihoti. Dukkansu mata ne, ba sa buƙatar namiji kafin su hayayyafa, kowace kuma tana zuba ɗaruruwan ƙwai. Iska tana kwasar 'ya'yan, mutane kuma suna yawo da su a jikin itacen rogon da za su dasa. Haka ƙwaron ya riƙa cin ƙasa, wani lokaci har kilomita 300 a shekara, ya shigo Najeriya a 1979. A lokacin kimanin mutum miliyan 200 ne a Afirka suka dogara da rogo, shi ne abin da ke tsayawa idan fari ya kashe hatsi.

Maganar feshi ce ta fara zuwa bakin kowa, amma ba ta da mafita. Farin kakin da ke jikin ƙwaron yana kare shi, ga shi yana ɓuya cikin nannaɗaɗɗen ganye inda magani ba ya shiga. Gonakin rogo ƙanana ne, a warwatse cikin daji, na talakawan da ba su da kuɗin sayen magani kowace shekara. A ƙasashen Kwango kuma ganyen rogo miya ne na yau da kullum, fesa masa magani haɗari ne.

A shekarar 1979 wani matashi ɗan Suwizalan, Hans Rudolf Herren, wanda bai daɗe da haura shekara talatin ba, ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wato IITA. Lissafin da shi da abokan aikinsa suka yi mai sauƙin fahimta ne. Rogo baƙo ne a Afirka. Turawan Fotugal ne suka kawo shi daga Barazil tun ƙarni na 16. Ƙwaron da ya maƙale wa rogo haka, lalle daga can shi ma ya fito. Amma a Kudancin Amurka ba a ji manoma na kuka da shi ba. Ke nan akwai wani abu a can da ya danne shi, abin da bai biyo shi zuwa Afirka ba. Gaba da gabanta, in ji Hausawa, aljani ya taka wuta.

A nan kuma wahalar take. Wanda ke neman maƙiyin ƙwaro, dole ya nemi ƙwaron a inda ya yi ƙaranci har ba wanda ya lura da shi. Aka bi Meziko da tsibiran Karebiyan da arewacin Kudancin Amurka ana dudduba ganyen rogo. Aka sami wani ƙwaro mai kama da na Afirka sak, aka ɗebo maƙiyansa, amma da aka haɗa su da na Afirka sai suka kasa hayayyafa a jikinsa. Da aka sake dubawa da kyau, ashe wani jinsi ne daban: shi yana da maza. A 1981 aka sa wa wannan na biyun suna Phenacoccus herreni, don tunawa da Herren ɗin da ya sha wahalar bin sa.

A cikin shekarar dai, Anthony Bellotti, Ba'amurke masanin ƙwarin rogo da ke aiki a cibiyar CIAT ta ƙasar Kolombiya, ya je Faraguwai, ya ci karo da ainihin ƙwaron a wata gona. Ba shi da yawa, kuma manoman wurin ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A jikinsa aka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro, tsawonsa bai kai milimita biyu ba, wanda a yau ake kira Anagyrus lopezi. Macen takan soki ƙwaron ta dasa ƙwai ɗaya a cikinsa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta cinye shi daga ciki, ya bushe ya zama ɓawo, sannan sabon zanzaro ya huda ya fito ya shiga neman wani.

Ba a garzaya da shi Afirka kai tsaye ba. Sai da aka killace shi a Ingila, aka tabbatar bai ɗauko wata cuta ko wani ƙwaron ba, kuma ba zai juya kan wani abu mai amfani ba. A ƙarshen 1981 aka saki na farko a gonakin gwaji na Ibadan, a shekara mai bi aka saki wasu kusa da Abeokuta. Cikin shekara uku ya bazu da kansa a faɗin kudu maso yammacin Najeriya, kuma duk inda ya zauna sai yawan farin ƙwaron ya faɗi warwas.

Saura nahiya guda. Dole aka koyi kiwon zanzaron da yawa, wanda ke nufin a shuka rogo a ɗaki, a kiwata maɓarnacin a kansa, sannan a kiwata maƙiyinsa. Wasu aka kai su gona da hannu, wasu aka sake su daga jirgin sama mai tafiya ƙasa-ƙasa, ɗauke da na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki. Kimanin zanzaro miliyan 1.6 aka saki cikin shekara goma, ya kuma kafu a ƙasashe fiye da ashirin. Daga baya aikin ya koma wata sabuwar cibiya a Kwatano ta Jamhuriyar Benin.

Masu shakka sun ce watakila ruwan sama ne ya rage ƙwaron, ko ƙwarin gida. Wani masanin, Peter Neuenschwander, shi ma ɗan Suwizalan, ya ɗauki nauyin amsa musu. Aka rufe kan wasu rogon da yadi don hana zanzaro shiga, aka bar wasu a buɗe. Waɗanda aka rufe suka cika da ƙwaro, na buɗe suka tsira. Binciken ya kuma nuna iyakar nasarar: a jigawar da ta gaji, wadda ba a rufa mata ciyawa ko ganye ba, rogo yakan yi rauni har ƙwaron ya ci gaba da ɓarna duk da zanzaron.

Wani masanin tattalin arziki, Richard Norgaard, ya ƙiyasta a 1988 cewa kowace dala ɗaya da aka kashe ta dawo da 149. Manomi kuwa bai biya ko kwabo ba, bai sayi magani ba, bai canja yadda yake noma ba. A 1995 aka bai wa Herren kyautar abinci ta duniya saboda wannan aiki. Najeriya a yau ita ce kan gaba a noman rogo a duniya.

A 2008 farin ƙwaron ya ɓulla a Tailan, ƙasar da ta fi kowace fitar da kayan rogo zuwa kasuwannin duniya. A wannan karon ba a yi lalube ba. Hukumomin ƙasar suka nemi taimakon cibiyar Kwatano, a 2009 aka aika musu da zanzaron daga Benin, suka killace shi suka kiwata, a 2010 suka fara sakinsa da dubun dubata a gonakinsu. Afirka ta yi shekara takwas tana asarar abinci kafin a gano inda maganin yake. Tailan shekara biyu ta yi, domin akwai waɗanda suka riga suka tantance ƙwaron, suka rubuta abin da suka gani, suka kuma ci gaba da kiwon maƙiyinsa bayan annobar ta lafa.