Dafin kurungu ba ya shiga miya

Mutumin Achika da ke zuwa Wudil ranar Juma'a don sayen kifi ba zai rasa jin wannan magana ba: wai in masunci ya zuba kurungu a gora ɗaya da karfasa da ƙaguwa, dafinsa zai bi sauran, wanda ya ci ya kwana yana murɗar ciki. Maganar tana da tushe, amma an ɗora mata abin da ba nata ba.

Kurungu yana da dafi, babu musu. Dafin yana jikin ƙayoyinsa uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, kuma sai ƙayar ta huda fata yake aiki. Mai nutso da ke lalube cikin ramukan gaɓa shi ya san zafinsa: hannu ya kumbura, zogi ya hau har kafaɗa. Amma dafin ba ya tsiyaya ya shiga naman wani kifi, kuma wuta tana lalata shi. Shi ya sa ma ake tsoma hannun da aka soka a ruwan zafi, gwargwadon yadda fata za ta jure, wajen minti 30 ko fiye, a wanke da sabulu, a je a yi allurar tetanus. Masuntan da ke karya ƙayar tun a bakin ruwa hannunsu suke karewa, da na matar da za ta gyara.

Minjirya kuwa ba ta da dafi ko kaɗan. Lantarki ne take saki, mai kai wa volt 300 da 'yan kai, kuma da ta mutu zance ya ƙare.

Inda jita-jitar ta yi gaskiya shi ne talibambam, kifin nan mai kumbura kamar ƙwallo in an taɓa shi, da ake samu a kogin Neja da Binuwai da yankin tafkin Chadi. Danginsa suna tara guba a hanta da ƙwai da fata, kuma suya ko banda ba sa kashe ta. A Japan sai mai lasisi ke yanka irinsa na teku. In an fasa cikinsa kusa da wani kifi, ko aka yi amfani da wuƙa ɗaya, gubar na iya shafar sauran. Wannan kam a ware shi, gara ma a mayar da shi ruwa.

Ita ƙaguwa laifinta saurin ruɓewa. Wadda ta mutu a gora a jefar, mai rai kuma a dafa ta sosai, domin a kudu maso gabashin Najeriya cin ta ba ta nuna ba yakan sa wa mutane tsutsar huhu.

Abin haushi, abin da ya fi kwantar da mutane ba a cika zancensa ba: kifin da ya yini a rana da hanjinsa a ciki, da wanda aka kashe da gubar Gamalin, da bandar da aka fesa wa Sniper don korar ƙwari. Duba idon kifi da jan da ke ƙarƙashin kunnensa, ka sunsuna, ka tambayi mai kifi yaushe ya fito daga ruwa kafin ka miƙa kuɗinka.