Kabarin Sa Abubakar Da Makarantun Tirwun

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ya san Dandalin Tafawa Ɓalewa, watau tsohon filin sukuwa, da fararen dawakin nan da gaggafa da aka kafa bisa ƙofarsa. Amma ba kowa ba ne ya san cewa can gida Bauci akwai wani gini na tunawa da mutumin nan, wanda ba doki, ba tsuntsu, ba siffar ɗan Adam a jikinsa, amma kuwa yana ba da labari kamar mai baki. Wannan shi ne kabarin marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya, wanda sojoji suka kashe cikin watan Janairu na 1966. Allah ya jiƙansa.

An soma ginin a 1977, aka buɗe shi a 1979. Mai ziyara yakan fara shiga wani lungu mai duhu, sai ya riƙa lalube. Duhun nan shi ne zamanin mulkin Turawa. Can gaba sai ɗan haske ya tsirgo, alamar begen samun 'yanci. Daga nan sai matakala, ta fari mai kaushi, ta biyu sumul, har mutum ya ɓulla wani fili wanda ba rufi a kansa sai sararin Allah. Nan kabarin yake, ba wani ƙawa. Bangon da ya kewaye shi kuwa an manna masa launi iri iri, misalin kabilun ƙasar nan. Yaron da malaminsu ya ratsa da shi ta lungun nan ya koyi tarihi da ƙafarsa tun bai buɗe littafi ba.

Abin da ya fi dacewa a wurin shi ne laburaren da aka haɗa da ginin, tare da ɗakin ajiye kayan marigayin. Ai kafin siyasa shi malamin makaranta ne. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya komo ya koyar a Midil ta Bauci, har ya zama hedimasta. Kuma shi ya rubuta Shaihu Umar, ɗaya daga littattafai biyar da aka buga a Zariya bayan gasar da Dokta East ya shirya a 1933. A littafin ma wani malami ne a Rauta, kusa da Bauci, yake ba almajiransa labarin rayuwarsa. Da yawa daga cikin masu riƙe takardar naira biyar mai hotonsa ba su taɓa karanta shi ba.

To, ina ruwan Tirwun da wannan? Tirwun dai tana bakin birnin Bauci, kuma gari ya ci gaba da faɗaɗa har ya tarar da ita. Tun da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauci, yara suke ta ƙaruwa a makarantun irin waɗannan unguwanni, littafi kuwa bai ƙaru daidai da su ba. Akan sami yaro ya kai aji shida, a miƙa masa wasiƙar da ubansa ya aiko daga Agege ko Sabon Ibadan, ya tsaya yana juya ta. A ƙasashen Turai makarantu kan ɗauko gwanin sassaƙa ya kafa musu wani abin kallo a harabar makaranta don ya ja hankalin yara ga littafi. Dabara ce mai kyau, sai dai in aka ɗauko ta ɗungurungum za a yi karo da iyaye, domin mutanen Bauci ba za su so a kafa mutum-mutumi inda 'ya'yansu ke karatu ba. Kabarin Sa Abubakar ya nuna ana iya yi ba tare da shi ba.

Balle ma abin ba baƙo ba ne. Makarantar allo ta daɗe da nata. Ran sauka akan ba ɗalibi allon zayyana, wanda gwani ya ƙawata da tawada ja da kore da rawaya, a zaga da shi gidajen dangi. Ƙannensa suna gani, kowa na ƙwaɗayin ranar tasa. Ga kuma magina. A Kafin Madaki, cikin ƙasar Bauci, har yanzu akwai ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi, shi ne kuma wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Masu sana'arsa sun iya fitar da dagi da sauran zane a jikin bango da hannu kawai. Wanda ya iya fitar da dagi ba zai kasa fitar da baƙaƙe ba, na boko da na ajami, har da masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ, manya manya yadda ɗan aji ɗaya zai bi su da yatsa. In aka yi bangon da siffar allo, aka yi masa dakali a gindin bishiya, aka bar 'yan aji shida su kwaɓa ƙasa su kawo ruwa, sai ya zama nasu, ba mai jifansa da dutse.

Kuɗin irin wannan aiki bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ke Kudu ba, waɗanda da ma sukan yi karo-karo su aika gida. Sai dai a raba kuɗin biyu tun farko, rabi na gini, rabi na littattafan Hausa da akwatin ƙarfe saboda gara. A kuma san malamin da zai riƙe mabuɗi, wanda zai riƙa fito da su dakalin kowace rana lokacin tara, ba sai ran da sufeto zai zo ba. Bangon ƙasa kuma yana son yaɓen makuba kafin damina ta sauka, saboda haka sai a ware masa wani abu kowace shekara.