Ɗan Farko a Jami'a: Matambayi Ba Ya Ɓata

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu girma, bayanin yau a kan yaron da ya zama shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Irin waɗannan suna da yawa a Ikara da Maƙarfi da Kudan. Uba na noman rake ko tumatir, uwa na ƙaramar sana'a a cikin gida, ga ɗa zai tafi Samaru.

Ku sani, abin da ke wahalar da irin wannan yaro ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Matsalarsa babu wanda ya bi hanyar kafinsa a gida, balle ya nuna masa inda ramuka suke.

Rami na farko, takardu. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga, kuma tun 2021 ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN. To, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da sakamakon WAEC ko NECO ko NBAIS. Saɓanin suna kaɗai yana iya jawo maka cikas ranar tantancewa. Ana neman kiredit biyar, har da Turanci. Ɗan Islamiyya, kada ka ce Larabcinka ya wadatar. Riƙe duka biyun.

Na biyu, yadda ake karatun. A nan malam na bibiyarka, idan ka yi fashi ya aika gida. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, za ka tarar da ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lakca ɗaya, malamin bai ma san sunanka ba. Kuma makin da ka ci tun zangon farko yana cikin lissafin digirinka har ranar gamawa. Wanda ya ce bari ya ɗan huta a shekarar farko, shi ke shan wahalar gyara daga baya.

Na uku, kunya. Za ka ji wasu na zuba Turanci kamar ruwa, sai ka ji kamar ba wurinka ba ne. Kai, wanda ya haddace izifi-izifi a allo, ba ya tsoron littafi! Yi tambaya. Nemi yayyen da suka riga ka daga garinku, kuma ka san malamin da aka wakilta ya kula da ajinku.

Ku kuma iyaye, ga naku. Kuɗin rajista yana da ranar rufewa, ba ya jiran a sayar da rake. A yi tanadinsa tun kaka. Akwai kuma rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, da ya fara a 2024, ba shi da kuɗin ruwa. Karatun kan iya wuce shekarun da aka ƙiyasta: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas. Idan haka ta faru, kada a zargi yaro. Kada kuma a riƙa kiransa gida lokacin jarrabawa saboda biki ko suna. Ko ba ku san abin da yake karantawa ba, ku tambaye shi, ku sa masa albarka.

Kai kuma ɗalibi, idan ka dawo hutu, ɗauki fartanya ka bi mahaifinka gona, sannan ka zaunar da ƙannenka ka koya musu hanyar, don kada su sha wahalar da ka sha.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Wassalam.